Filin Tambaya da Amsa: Na cika tankin kifi da tsirrai, me ya sa suke haki da asuba?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Tun da zafin nan na watan Maris ya kankama a Legas saƙonnin da ke shigo min kusan rabi a kan kifin ado ne, irin wanda ake ajiyewa a falo cikin tankin gilashi, kuma ko ta ina mai tambaya ya ɓullo sai ka ga maganar ta dawo kan abu ɗaya, iska. Na ɗauko guda biyar a ciki, amma ta farkon zan fi zama a kanta don wallahi ta taɓa min zuciya, kuma wanda ya gane ta sauran ba za su ba shi wuya ba.

TAMBAYA: Salam Malam, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni matar aure ce a Agege, wata uku ke nan maigidana ya sayo wa yara tankin kifi mai tsawon ƙafa biyu da kifin adon nan da ake ce wa golfish guda takwas a ciki, da ɗan injin nan mai fitar da kumfa. To ƙarar injin tana hana ni barci don falon jikin ɗakina yake, sai mai sayar da kifin ya ce mana in muka sa tsirrai masu rai ba ma buƙatar injin, wai su ne ke ba kifi iska. Muka sayo tsirrai muka cika tankin fal, na cire injin na ajiye. Da rana wallahi lafiyarsu lau, har wasu 'yan ƙwayoyi nake gani a jikin ganyen kamar lu'ulu'u, amma kullum da asuba in na fito alwala sai in tarar da su duka a saman ruwa suna buɗe baki suna rufewa kamar masu haki. Shekaranjiya biyu suka mutu, manyan cikinsu ma, autana ya yi ta kuka har ya ƙi cin abinci. Dan Allah Malam tsirran ne ke da guba ko me?

AMSA: Wa'alaikumussalam Hajiya, sannu, a rarrashi autan nan. Amma kafin ki ci gaba da karatu dan Allah tashi ki ɗauko injin nan ki mayar ki jona shi, yau ɗin nan kafin magariba, sai ki dawo mu yi bayani a tsanake.

Tsirranki ba su da guba. Shi ma mai sayarwar ba ƙarya zalla ya yi miki ba, rabin magana ya faɗa ya bar rabin da ke kashe kifi. Gaskiya ne tsiro mai rai yana ba da oksijin, wato iskar da ni da ke da kifin duk muke shaƙa mu rayu, amma fa sai da haske. In haske ya sauka a kan koren ganye, ganyen yana jan iskar kabon da ke narke a ruwa ya haɗa da ruwan ya yi wa kansa abinci, wani irin sukari, oksijin kuma shi ne rarar da ta rage sai ya sake shi. Ƙwayoyin nan masu kama da lu'ulu'u idonki ya gani daidai, oksijin ne, ruwan da ke kewaye da ganyen ya sha ya ƙoshi ba shi da wurin karɓar ƙari shi ya sa yake taruwa ya zama ƙwaya. Ni kaina har yau in la'asar ta yi nakan ja kujera in zauna gaban tankina, sai ka ga daga bakin wani ganye da ya ɗan yage ƙwayoyi na fita ɗaya bayan ɗaya a jere kamar an tsinke carbi, suna hawa sama, ba na gajiya da kallonsu.

To amma Hajiya tsiro shi ma mai rai ne, yana numfashi, kuma numfashinsa ba ya tsayawa dare da rana. Da rana abin da yake bayarwa ya fi abin da yake ci shi ya sa ba a lura. Kina kashe fitila aka shiga duhu bayarwar ta tsaya cak, cin kuwa yana nan daram. Daga nan har gari ya waye duk ganyen da ke tankin nan ya zama ƙarin baki da ke rabon iska da kifayenki, oksijin na ta sauka a hankali tun isha'i, ƙarfe sha biyu ya ragu, ƙarfe uku ya ƙara raguwa, inda ya fi yin ƙasa kuwa shi ne gab da fitowar alfijir, daidai lokacin da kike fitowa alwala. Kin ga ba dacewa ba ce kawai kike tarar da su a haka kullum a wannan lokacin.

Abin an daɗe da saninsa. Tun a 1779 wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Jan Ingenhousz ya riƙa nutsar da ganyaye a ruwa cikin gilashi yana kallo, in ya ajiye a rana ƙwayoyin iska su fito, in ya kai inuwa su daina, ya kuma gano cewa a duhu ganye ɓata iska yake yi maimakon gyara ta. Masu kiwon kifi a kududdufin ƙasa can wajen Epe da Ikorodu ba sai an karanta musu wannan ba, sun san in kifi zai mutu da yawa lokaci guda galibi da sassafe ake tarar da shi, musamman in ruwan ya yi kore shar sannan aka yi kwana biyu ana lumshi rana ba ta fito ba.

Yanzu ga inda zafin Legas ya shigo. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 oksijin ne, mu muna cikin wadata. Ruwa kuwa ɗan mitsitsi yake iya riƙewa, kuma yana ɗumi yana ƙara sakinsa. A digiri 20 lita ɗaya tana ɗaukar kamar miligiram 9, a digiri 25 ya sauko 8 da ɗan ɗoriya, a digiri 30 kuwa 7 da rabi ne, wannan fa in ya cika maƙil ke nan. Falo a Agege a watan Maris, ga rufin kwano ga tagogi a rufe saboda sauro, ruwan tanki ya kai digiri 30 ba abin mamaki ba ne. Tankinki mai ƙafa biyu in irin wanda aka saba ne, tsawo santimita 60, faɗi 30, zurfi 30, lita 54 yake ci. Yi lissafin ki gani, duk oksijin ɗin da ke ciki ko rabin giram bai kai ba. A kan wannan ɗan abin kifi takwas za su kwana, da tsirrai tanki guda, da kuma waɗanda ido ba ya gani.

Waɗanda ido ba ya gani ɗin su ne ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a tsakuwar ƙasan tanki da soson filta, wato matatar ruwan tankin, su ke sarrafa kashin kifi su mayar da amoniya mai guba ta koma abin da bai kai ta illa ba, aikin alheri suke yi amma da oksijin suke yinsa. Ganyen da ya ruɓe, abincin da yara suka zuba ya yi yawa ya nutse, duk ruɓewarsu oksijin take ci. Sannan shi kansa kifi jikinsa bin zafin ruwa yake, ruwa na ɗumi jikinsa na ƙara sauri yana neman iska fiye da da. Abin ya haɗe masa goma da ashirin, buƙata ta ƙaru abin shaƙa ya ragu. Yawancin kifaye suna son a ce oksijin bai gaza miligiram 5 a lita ba, in ya faɗo wajen 2 to mutuwa ta zo, kuma manya ne ke fara tafiya kamar yadda kika gani, don su suka fi buƙata.

Hawan nan da suke yi sama suna buɗe baki ba abinci suke roƙo ba, kada yara su gani su ƙara zuba musu. Ɗan siririn ruwan can sama da ke taɓa iska shi ne ya fi oksijin, shi suke zuƙa. Don ta nan ne oksijin ke shiga tanki dare da rana, da tsiro ko babu tsiro, ta saman ruwa. Sai dai in ruwa na kwance shiru tafiyar oksijin a cikinsa ta fi tafiyarsa a iska jinkiri kusan sau dubu goma, sai saman ya ƙoshi ƙasa na fama. Nan amfanin injin kumfa yake. Mutane na zaton kumfar ce ke narkewa kifi ya shaƙa, eh kaɗan na narkewa, amma babban aikinta shi ne tana tasowa tana jawo ruwan ƙasa zuwa sama, ta fashe ta girgiza fuskar ruwan, sabon ruwa ya taɓa iska ya ɗauka ya koma ƙasa, haka har safe.

Maganar ƙara kuwa tana da magani mai sauƙi. Yawanci ba injin ne ke ihun ba, katako ko gilashin da aka ɗora shi a kai ne ke amsawa. Sa masa soso ko tawul a ninke a ƙarƙashi, kada ya taɓa bango ko jikin tanki, za ki ji ƙarar ta faɗi sosai. Ki kuma ɗora shi a wurin da ya fi saman ruwan tsayi, don in yana ƙasa aka ɗauke wuta ruwa kan biyo tiyo ya gangaro cikin injin. In dole ne a kashe shi na wani lokaci to da rana za a kashe lokacin da fitila ke kunne tsirrai na aiki, ba da dare ba, ke kuwa akasin haka ƙarar ta tura ki.

Sai maganar da na san maigida ba zai so ji ba, golfish takwas sun yi wa lita 54 yawa nesa ba kusa ba. Kifin nan asalinsa na China ne, ya fi son ruwa mai ɗan sanyi, ga ci ga kashi, yana girma ya kai tsawon tafin hannu har ya wuce, kuma yana cin ganye mai laushi yana tumɓuke tsirrai. Shida da suka rage ɗin nan ki bar biyu, sauran a mayar wa mai sayarwa ya canza muku da 'yan ƙanana irin su gufi da suka fi jure ɗumi, ko a ba wanda ke da babban tanki. Dabbar da ka kulle a gilashi ba ta da inda za ta gudu ta nemi iska, amana ce a wuyanka. Tsirran kuma kada ki zubar, suna da amfani ƙwarai, suna shanye dattin da ke narke a ruwa suna ba kifi wurin ɓuya, ki dai rage cunkoson ki riƙa tsinke duk ganyen da ya yi rawaya.

TAMBAYA: Malam ni ɗalibi ne a Yaba, ina da ɗan tanki a ɗakina. Tunda haske ne ke sa tsiro ya ba da iska, me zai hana in bar fitilar tankin a kunne dare da rana, ka ga an huta da sayen inji?

AMSA: Ƙanena tunaninka ya bi hanya amma ba zai kai ka gida ba. Na farko kifi ba shi da fatar ido da zai rufe, duhu shi ne hutunsa, in ka hana shi za ka ga ya zama firgitacce, launinsa ya dushe, ciwo ya riƙa kama shi da wuri. Na biyu wanda zai fi kowa cin ribar hasken nan ba tsironka ba ne, gansakuka ce. Cikin mako biyu gilashi ya yi kore, ganyaye su lulluɓe, wani lokacin ruwan kansa ya koma kamar miyar kuka ba ka ko hango kifin. Ita ma gansakukar da rana tana ba da oksijin da dare ta ci, kuma tunda ta fi tsiro yawa hawa da saukar ya fi muni, ranar da aka ɗauke wuta fitilar ta mutu kuwa duk wannan koren zai juya ya hau shaƙar iskar kifinka lokaci guda. Ga kuma zafin da fitila ke ƙara wa ruwa.

Awa 6 zuwa 8 a rana sun isa, a lokaci ɗaya kullum, in da hali ka sayi ɗan taima na soket ya riƙa kunnawa da kashewa da kansa. Kuma kada ka kai tankin bakin taga don neman hasken kyauta, ranar Legas in ta daki ƙaramin gilashi awa biyu dafa ruwan take yi.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni ɗan kasuwa ne a Mile 12. Tsirran da ake sayarwa sun yi tsada, sai na sa yarona ya ɗebo min kainuwa a bakin ruwa ta wajen Ikorodu, na zuba a tankin shagona, yanzu ta rufe saman gaba ɗaya ta yi kyau. Wani abokina ya ce za ta kashe min kifi, ni kuma na ce ai tsiro tsiro ne. Wa ya fi gaskiya?

AMSA: Alhaji Allah ya ƙara kasuwa, abokinka ya fi ka gaskiya a wannan karon. Tsiro ba duka ɗaya ba ne. Wanda ganyensa ke nutse a cikin ruwa, oksijin ɗin da ya saki cikin ruwan yake shiga. Kainuwa kuwa dashen Allah, saiwarta ce kawai a ruwa ganyenta na sama a sarari, daga iska take ɗaukar kabon, iska kuma take mayar wa yawancin oksijin ɗinta, wato kai da ke zaune a shagon ka fi kifin amfana. Sannan in ta rufe saman ruf ta toshe ƙofar da na yi wa Hajiya bayani, ruwa ba ya motsi ba ya taɓa iska, ta kuma tare haske daga duk tsiron da ke ƙasa, su mutu su ruɓe su ƙara cin abin da ya rage.

Ba sai na kai ka nesa ba, kai da ke bin hanyar Ikorodu ka san yadda ɗayar 'yar'uwarta take yi, mai kumburarren kara da fure mai launin shunayya, wadda mu duk kainuwa muke ce musu. Ita asalinta daga Kudancin Amurka take, a 1984 aka fara ganinta a ruwan Badagry ta gangaro daga Jamhuriyar Benin, tun daga nan duk shekara in ruwan sama ya rage gishirin lagun sai ta mamaye, jiragen fasinja su kasa wucewa masunta su rasa wurin jefa koma, kuma ƙarƙashin shimfiɗar nan tata ruwan ba shi da iska. Abin da ta yi wa lagun shi za ta yi wa tankinka, cikin sauri ma tunda shi ƙarami ne.

Ban ce ka kwashe duka ba. Kaɗan ɗinta alheri ce, tana shan datti da sauri fiye da yawancin tsirrai, tana yi wa kifi inuwa, 'ya'yan kifi na ɓuya a saiwarta. Bar kamar kashi ɗaya cikin uku na saman, sauran ya zama fili, kuma duk mako ka rage don haihuwa take ba ƙaƙƙautawa. Dabara ɗaya da nake yi, nakan yanko tiyon iska in haɗa bakinsa biyu ya zama zobe in ajiye a kan ruwa, kainuwar ta zauna cikin zoben ba ta yaɗuwa. Wadda ka kwashe a shanya ta bushe a zuba a shara, kada a jefa a kwata.

Abin da ya fi damuna ma shi ne inda aka ɗebo ta. Ruwan bakin gari ne, akwai mai akwai ƙazanta, a saiwar nan matsattsaku da katantanwa da ƙwan ƙwari ke maƙalewa su shigo maka. Nan gaba duk tsiron da aka ɗebo daga waje a wanke shi sosai a ajiye a bokiti daban kamar mako biyu ana canza ruwa ana dubawa.

In oksijin kake nema da rana, nemi masu saurin girma da ke nutse. Akwai mai ganye tsil-tsil kamar wutsiya da masu sayarwa ke ce wa honwot, ba shi da saiwa ko dasawa ba ya buƙata, reshe ɗaya in ka saya wata biyu za ka fara rabar wa maƙwabta, nan ma tsadar ta kau. Akwai Vallisneria mai dogon ganye kamar ribon. Sai Anubias, wannan namu ne na Afirka ta Yamma, yana fitowa a bakin rafukan dajin kudancin Najeriya da Kamaru, ganyensa kauri gare shi golfish ma ba ya iya ci, ba ya son haske da yawa, amma a hankali yake girma don haka oksijin ɗin da yake bayarwa kaɗan ne, cinsa da dare ma kaɗan. A ɗaure shi da zare a jikin dutse ko itace, in ka binne karansa mai kaurin nan a yashi ruɓewa zai yi.

TAMBAYA: Malam duk wannan maganar inji ai sai da wuta. Mu a Obalende wani lokacin tun magariba ake ɗaukewa sai washegari, janareto kuma ba ma kwana da shi. Tankina cike yake da tsirrai, yaya zan yi?

AMSA: Ɗan'uwa wannan tambayar ciwo ta fama min. Shekarun baya ina zaune a Idi-Araba, ina da wasu kifaye biyu miji da mata da ake ce wa kribensis, 'yan asalin rafukan kudancin Najeriya ne, macen cikinta ja ne kamar an shafa mata jan-baki, kusan shekara biyu suna hannuna har sun taɓa yi min 'ya'ya a cikin ɓawon kwakwa. Wani dare a watan Afrilu aka ɗauke wuta bayan isha'i, zafi kamar me, na kalli tankin ga tsirrai ko'ina na ce ai ba komai, na kwanta. Da asuba na haska tocila, namijin na kwance a gefe cikin ganye ya riga ya tafi, macen na sama a kusurwa bakinta a fuskar ruwa murfin kumatunta na bugawa da sauri-sauri, jan cikin nan duk ya koɗe. Na ɗauko moɗa na dinga ɗiban ruwan ina tsiyayo shi daga sama, har aka idar da salla a masallaci ina tsaye ina yi, da kyar ta sauko ƙasa. Tun ranar ban sake kwanciya na dogara da tsiro ba.

To abin yi na farko shi ne wanda na yi ɗin nan. Ka ga yadda mai shayi ke ɗaga kofi sama ya tsiyayo shayi cikin ɗayan, haka za ka yi da kofi mai tsabta wanda sabulu bai taɓa ba, ɗebi ruwan tankin ka zubo shi daga tsayin kamar kamu ɗaya ko biyu, minti biyar, kafin ka kwanta da kuma duk lokacin da ka farka. Cire murfin tankin. Kada ka ba su abinci daren da babu wuta, kifi mai lafiya yana kwana biyu uku bai ci ba ba abin da zai same shi, amma narkar da abinci iska yake ci. In kana da fanka mai caji juya ta ta riƙa kaɗa fuskar ruwan, tana motsa shi tana ɗan sanyaya shi. In zafin ya yi tsanani sa ledar fiya wata mai sanyi a rufe ta yi iyo a kai, kada ka zuba ƙanƙara kai tsaye, sauyin farat ɗaya shi ma illa ne.

Amma maganin dindindin shi ne ɗan injin kumfa mai caji, ko wanda ake jonawa da pawa bank ta igiyar USB. Wutar da yake ci ba ta kai ta ƙaramin ƙwan fitila ba, pawa bank mai kyau yana kai shi safe. Akwai ma wanda ke zama a soket, ana ɗauke wuta ya koma batir da kansa, wannan shi ya fi dacewa da mai tafiye-tafiye. Ni a ganina duk mai tanki a Legas ya fara sayen wannan kafin ya ƙara kifi ko ɗaya.

Abu biyu kuma da ake mantawa. In filta ta daɗe a kashe, awa goma ko fi, kafin ka kunna buɗe ka shinshina, in ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai ɗauraye soson a bokiti da ruwan tankin ka zubar, kada ta turo wa kifi wannan ruwan. Sannan injin kumfa iskar ɗaki yake turawa cikin ruwa, in za a fesa fiya-fiya ko wani maganin sauro a kashe shi a lulluɓe tankin, sai an buɗe taga warin ya fita a mayar, kuma a yi wannan da wuri ba lokacin kwanciya ba.

TAMBAYA: Malam ni nawa kifayen ba da asuba suke haki ba, duk ranar da na canza musu ruwa ne, da ruwan bohol ɗin gidanmu a Ajegunle. Tsirrai na nan inji na nan.

AMSA: 'Yar'uwa naki ba laifin tsirrai ba ne. Ruwan da ya fito daga ƙarƙashin ƙasa ya daɗe bai taɓa iska ba, yana zuwa da oksijin kaɗan da kabon mai yawa, ido na ganinsa garau amma kifi ba ya samun abin shaƙa a ciki. Tara shi a bokiti ko baho buɗaɗɗe ya kwana, in kin sa masa kumfa ma ya fi, kuma kada ki canza duka lokaci guda, kashi ɗaya cikin huɗu a mako ya wadatar. Mai amfani da ruwan famfo shi kuma kulorin ce matsalarsa, wato sinadarin da ake zuba wa ruwan don kashe ƙwayoyin cuta, tana ƙona wa kifi wurin numfashi sai ya yi ta haki ko da iska ta wadata, akwai ɗigon maganin da ake sayarwa a shagunan kifi mai kashe ta. In kin yi duk wannan har yanzu suna haki yini guda inji na aiki, to a gwada ruwan a ga amoniya, ki sake rubuto min ki faɗa min girman tankin da kifi nawa ne a ciki da kuma sau nawa ake ba su abinci a rana.